Darasin Wannan Wata: Nawa Ake Bayarwa Tukwici?

Mutumin karkara ba ya rasa dalilin shiga birni. Wani zai kai hatsi kasuwa. Wani zai kai mara lafiya asibiti. Wani zai tafi cin rani bayan girbi. Wani kuma zai tashi zuwa aikin Hajji. Duk inda ya sauka zai tarar da masu yi masa hidima. Akwai mai kawo abinci, da ɗan dako, da mai aski, da maigadi, da mai wankin mota.

Idan an gama hidimar sai tambaya ta taso. Shin za a ƙara wa ma'aikacin wani abu bayan kuɗin aikinsa? In za a ƙara, nawa ne? Mutum yana gudun ya ba da kaɗan a ce da shi marowaci. Yana kuma gudun ya ba da da yawa kuɗin motarsa ya kasa. Darasin wannan wata zai amsa wannan tambaya. A ciki kuma za a koyi lissafin kashi cikin ɗari.

Tukwici a al'adar Hausawa

Idan aka aiko yaro da kyauta, kamar naman suna ko kaza ko kwanon fura, wanda aka kawo wa yakan ba yaron ɗan wani abu. Wannan abin shi ne tukwici. Haka nan idan dangin ango suka kai lefe, dangin amarya sukan ba su tukwici. A da, idan kyautar babba ce, akan kimanta darajarta a ba ɗan aiken kamar kashi 1 cikin 10.

Hausawa suna cewa yaba kyauta tukwici. Wato tukwici hanya ce ta nuna godiya. Shi ya sa yanzu ake kiran ɗan abin da ake ƙara wa ma'aikaci da wannan suna. Wasu kuma sukan ce "ga na goro", ko "riƙe canjin".

Akwai abubuwa huɗu da suke kama da tukwici, amma kowanne dabam yake.

1. Lada, ko kuɗin aiki. Shi ne abin da aka yi ciniki a kansa. Hakkin ma'aikaci ne, biyansa dole ne.
2. La'ada. Ita ce kason dillali idan ciniki ya faɗa.
3. Gyara. Ita ce ƙarin da mai sayarwa yake yi wa mai saye.
4. Sadaka. Ita ake ba mabukaci ko da bai yi aikin komai ba.

Shi kuwa tukwici ƙari ne a kan lada. Sai an biya lada cif-cif sannan ake maganarsa. Wannan ita ce babbar ƙa'idar darasin. Wanda ya danne wa ɗan dako N200 a ciniki, sannan ya miƙa masa N100 ya ce na goro ne, bai yi kyauta ba. Har yanzu ɗan dakon yana bin sa N100.

Yadda ake lissafin kashi cikin ɗari

A manyan gidajen abinci ana auna tukwici da kashi cikin ɗari. Alamarsa ita ce %. Idan aka ga 10%, sai a karanta "kashi 10 cikin 100". Ma'anarsa, a kowace N100 a ware N10.

Hanyar lissafin mai sauƙi ce. Idan kuɗin ya ƙare da sifiri, sai a cire sifiri ɗaya na ƙarshe. Abin da ya rage shi ne 10%.

10% na N2,000 shi ne N200.
10% na N4,500 shi ne N450.
10% na N12,000 shi ne N1,200.

Wanda ya san 10% ya san sauran. Rabinsa shi ne 5%. Ninkinsa shi ne 20%. In aka haɗa 10% da 5% an sami 15%. Ga misali da abincin N6,000:

5% shi ne N300.
10% shi ne N600.
15% shi ne N900.
20% shi ne N1,200.

Wannan lissafi bai tsaya a gidan abinci ba. Da shi ake gane la'adar dillali, da ribar ciniki, da ƙarin da ake ɗorawa a kan bashin taki.

Gidan abinci a Nijeriya

A Nijeriya babu dokar da ta tilasta wa kowa ba da tukwici. A wurin mai shayi, ko mai tuwo, ko mai tsire, mutum yana biyan kuɗin abin da ya ci ya tafi. Ba wanda zai zarge shi. Amma in yaron wurin ya kawo ruwan wanke hannu da wuri, ya goge benci, ya yi fara'a, yana da kyau a bar masa canji. N100 ko N200 ba ta karya mai ci, amma tana da daraja a wurin yaron.

Ga dalili. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi N70,000 a wata. Sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Yawancin teburan shayi da gidajen tuwo ba su da ma'aikata masu yawan haka. Saboda haka yaran da suke aiki a can abin da maigida ya ga dama shi yake ba su. Da yawa daga cikinsu 'ya'yan manoma ne da suka zo cin rani.

A babban otal kuwa abin ya bambanta. A can ana kawo takardar kuɗi, wato rasit. Kada a biya sai an karanta ta. Sau da yawa akan ga ƙari iri biyu a ƙasan kuɗin abinci. Na farko haraji ne da ake rubutawa VAT. Tun watan Fabrairu na 2020 harajin nan 7.5% ne. Kuɗin gwamnati ne, ma'aikaci ba ya samun ko kwabo a ciki. Na biyu kuɗin hidima ne, wanda ake kira sabis caji. Otal ne yake ɗora shi, galibi 5% zuwa 10%.

A ɗauka wani dattijo ya sayar da masararsa, ya shiga babban otal shi da ɗansa. Sun ci abincin N10,000. Da aka kawo rasit sai ya ga N11,750. Ya kira mai kawo abincin.

Ya ce, "Yaro, abincin dubu goma muka ci. Wannan ƙarin fa na mene ne?"

Yaron ya ce, "Baba, N750 haraji ne. N1,000 kuma kuɗin hidima ne."

Dattijon ya ce, "To, kuɗin hidimar ku ake ba?"

Tambayar dattijon ta yi daidai, kuma ba abin kunya ba ce. A wasu wurare ana raba wa ma'aikata kuɗin hidima. A wasu wurare mai otal ne yake riƙewa. Idan ana raba musu, an riga an ba da tukwici, ba sai an ƙara ba. Idan ba a raba musu, ko babu kuɗin hidima a rasit ɗin, mai hali yana iya ba da 5% zuwa 10%. Ya fi kyau a miƙa wa ma'aikacin a hannunsa.

Misalin yana da wani darasi kuma. Da dattijon N10,000 kaɗai ce a aljihunsa, da ya ji kunya a gaban ɗansa. Saboda haka kafin a ce a kawo abinci a babban wuri, a tambaya ko da ƙari a kan farashin. Matambayi ba ya ɓata.

Sauran masu hidima

Ɗan dako da mai baro. A yi ciniki kafin a ɗora kaya. In tafiyar ta fi yadda aka zata nisa, ko rana ta yi zafi, ko an tsaya jira, a ƙara masa wani abu.

Mai aski, da mai kitso, da mai wanki da guga. Suna da farashinsu sananne. In aikin ya yi kyau, ana iya ƙara kamar 10%. In mai shago dabam, yaron da ya yi aikin dabam, yaron za a ba.

Ɗan ga-ruwa. Aikinsa na ƙarfi ne. Wanda yake kawo ruwa gida kullum ya cancanci alheri lokaci-lokaci, musamman da bazara da lokacin Salla.

Maigadi da mai sharar masauki. Baƙon da ya kwana biyu ko uku yana iya ba su wani abu ranar da zai tafi.

Ɗan acaɓa da mai adaidaita sahu. Kuɗin ciniki ya wadatar. In ya taimaka da ɗaukar kaya ko ya jira mara lafiya, a duba wahalarsa.

A duk waɗannan, mutum ya yi daidai ƙarfinsa. Ba a cin bashi don a ba da tukwici. Wanda ba shi da hali, "sannu da aiki" da "na gode" su ma suna faranta rai.

Yadda abin yake a Amurka

Kowace ƙasa da al'adarta. Ƙasar da ta fi shahara da tukwici ita ce Amurka. Yana da kyau a san labarinta, domin yana nuna abin da yake faruwa idan tukwici ya koma shi ne albashi.

Daga Turai al'adar ta shiga Amurka. Ta yi ƙarfi bayan yaƙin basasar ƙasar, wanda ya ƙare a 1865. A shekarar ce aka haramta bauta a can. Bayin da aka 'yanta da yawa suka shiga aikin hidima a otal-otal da jiragen ƙasa. Kamfanin Pullman, mai taragon kwana na jirgin ƙasa, ya ɗauki baƙaƙen fata masu yawa aiki a kan ɗan ƙaramin albashi. Sauran abin da za su ci sai daga tukwicin fasinja. Mutane da yawa ba su so wannan tsari ba. Jihar Washinton ta yi dokar hana tukwici a 1909, wasu jihohi suka bi ta. Amma dokokin ba su yi aiki ba. Zuwa 1926 duk an soke su.

A 1966 majalisar dokokin Amurka ta yarda mai gidan abinci ya lissafa tukwici a cikin albashin ma'aikaci. A can da awa ake biyan albashi. Mafi ƙarancin albashi na gwamnatin tarayya shi ne dalar Amurka 7.25 a awa, tun 2009. Amma ma'aikacin da yake samun tukwici ana iya biyansa dala 2.13 kacal a awa. Wannan adadi bai canza ba tun 1991.

A yi lissafi. Aikin awa 8 a kan dala 7.25 ya kama dala 58. Aikin awa 8 a kan dala 2.13 ya kama dala 17.04. Bambancin ya kusa dala 41 a yini ɗaya. Daga hannun masu cin abinci ake sa ran cike wannan giɓi. Doka ta ce in tukwicin bai cike ba, maigida ya cika. Wasu jihohi kuma, kamar Kalifoniya, sun ce a biya cikakken albashi, tukwici ya zama ƙari. Duk da haka a jihohi da yawa abincin mai kawo abinci yana rataye ne a kan alherin baƙi. Ranar da aka yi ciniki ya samu. Ranar da ba a yi ba ya koma gida da kaɗan.

Shi ya sa a Amurka wanda ya zauna aka kawo masa abinci yake ba da 15% zuwa 20%. In abincin dala 40 ne, tukwicin dala 6 ne zuwa dala 8. Wanda ya tashi bai bayar ba ana ganin ya ci gumin ma'aikaci. Direban tasi da mai aski su ma akan ba su kusan haka. Mai ɗaukar kaya a otal akan ba shi dala 1 ko 2 a kan kowace jaka. Ɗalibi ko ɗan kasuwar da zai je can ya sa wannan kuɗi cikin guzurinsa tun daga gida.

Wasu ƙasashen

A Ingila gidajen abinci da yawa suna ɗora kuɗin hidima na 10% zuwa 12.5% a rasit. Daga 1 ga Oktoba 2024 doka ta tilasta wa masu gidajen su miƙa wa ma'aikata kuɗin gaba ɗaya.

A Faransa kuɗin hidima yana cikin farashin da aka rubuta. Wanda ya ji daɗin hidima yakan bar ɗan canji a kan tebur.

A Japan ba a ba da tukwici. In baƙo ya bar kuɗi a tebur, ma'aikacin yana iya bin sa da gudu ya mayar masa, yana zaton mantuwa ya yi.

A Masar ana kiransa bakshish. Ana ba da shi kaɗan-kaɗan a wurare da yawa, saboda haka matafiyi ya riƙe canji.

A Saudiyya tukwici ba dole ba ne. Sai dai yawancin masu shara da masu ɗaukar kaya a masaukan Makka da Madina baƙi ne daga ƙasashe irin su Bangaladesh da Indiya da Pakistan. Sun bar iyalinsu sun zo neman abinci. Alhajin da yake da hali yana iya ba su 'yan riyal. Mai aski da mai tura keken marasa ƙarfi kuwa lada suke karɓa, saboda haka a ji farashi tun kafin a fara. Alhaji ya kuma tuna guzurinsa ƙidayayye ne.

Tukwici da cin hanci

Akwai wani abu da ake ɓoyewa a bayan sunan goro, shi ne cin hanci. Tambayoyi uku suna raba su.

Ta farko, yaushe aka bayar? Tukwici bayan aiki ake ba da shi. Cin hanci kafin aiki ake neman sa, in ba a bayar ba aikin ya tsaya.

Ta biyu, wa aka ba? Tukwici na mai hidima ne. Kuɗin da aka ba jami'in da yake da ikon sa hannu, ko kamawa, ko rabon kayan gwamnati, ba tukwici ba ne.

Ta uku, wa ya cutu? Tukwici ba ya cutar da kowa. Amma wanda ya ba da kuɗi aka sa sunansa a gaba wajen rabon taki, ya tura maƙwabcinsa baya. Wanda ya ba da kuɗi ya tsallake layi a asibiti, ya bar wani mara lafiya yana jira.

A shekarar 2000 aka kafa hukumar ICPC don yaƙi da cin hanci. Dokar da ta kafa ta ta tanadi ɗaurin shekara 7 ga jami'in da ya karɓa. Ta tanadi irin wannan ɗauri ga wanda ya bayar.

Nasiha ga mai karɓa

Wasu masu karatu su ne masu yin hidimar idan sun je birni. Ma'aikaci ya daidaita da maigida a kan ladansa tun ranar farko. Kada ya yarda a ce masa abin da baƙi suka ba shi shi ne albashinsa. Labarin Amurka ya isa misali. Ya mayar da canji daidai, sai in an ce ya riƙe. Kada ya roƙa, kada kuma ya ɓata rai in ba a ba shi ba. Ya yi wa mai babbar riga da mai tsumma hidima iri ɗaya. In su da yawa suka yi aikin, a raba da mai wanke-wanke da mai dafuwa. Abin da ya samu kuma ya riƙa tarawa. Wanda yake jefa N200 a asusu kullum, a kwana 30 ya tara N6,000.

Abubuwan tunawa

1. A biya lada cikakke tukuna, sannan tukwici.
2. A karanta rasit kafin a biya.
3. VAT na gwamnati ne. Kuɗin hidima kuwa a tambayi inda yake zuwa.
4. A ƙaramin wuri a bar canji. A babban otal 5% zuwa 10% ya isa.
5. A baƙuwar ƙasa a tambayi al'adarsu.
6. Kuɗin da aka nema kafin a yi aikin gwamnati cin hanci ne.

Sababbin kalmomi

Rasit: takardar da take nuna abin da aka saya da kuɗinsa.
Kuɗin hidima: ƙarin da otal yake ɗorawa a kan kuɗin abinci.
%: alamar kashi cikin ɗari.
Mafi ƙarancin albashi: adadin da doka ta hana a biya ma'aikaci ƙasa da shi.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin lada da tukwici?
2. Me ya sa ake ba da tukwici mai yawa a Amurka?
3. Wace ƙasa ce ba a ba da tukwici a cikinta?
4. Waɗanne tambayoyi uku ne suke raba tukwici da cin hanci?

Aikin lissafi

1. Nawa ne 10% na N3,500?
2. Nawa ne 5% na N8,000?
3. An ci abincin N20,000, an ɗora kuɗin hidima 10%. Nawa ne jimla, ban da haraji?
4. An ci abincin dala 60 a Amurka. Nawa ne 15%, nawa ne 20%?

Amsoshin lissafi: na 1, N350. Na 2, N400. Na 3, N22,000. Na 4, dala 9 da dala 12.

Wanda ya sami rasit na gaske ya kai shi aji a karanta tare. A nemo alamar % a jikinsa, a sake lissafin a kan allo, a ga ko ya yi daidai.